Ƙasar Bayan Ɗakin Habi

Habi ta sauke kwanon daga kanta ta dire shi a tsakiyar tabarmar Mai Unguwa Jimrau. Kwanon sha ne mai murfi, irin wanda ake kai wa maza fura da hantsi, shi ya sa dattawan da ke zaure suka gyara zama, har wani ya fara goge hannu a riga.

"Inna Habi, ko sallama babu?" in ji Mai Unguwa.

"Sallamar tana ciki. Buɗe."

Ya ɗaga murfin. Kafin ya mayar, warin ya riga ya zagaye zauren. Mai goge hannu ya ja bakin rawani ya toshe hanci, wani ya tashi ya fita ya tofar da yawu. Dunƙulen ƙasa ne baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana naso.

"Mi ne ne wannan?"

"Bangon ɗakina ne. Da hannu na ɓallo shi yau da safe, kamar tuwon kwana. A jikinshi nake jingina kai in yi barci. Ku shaƙa ɗaya kuka yi kuka toshe hanci, ni tun sanyi nake shaƙa. A kira min Na'Allah."

"Alhaji yana kasuwar dabbobi, Inna."

"Kasuwa ba lahira ba ce, ana dawowa. Ina nan."

Ta zauna a bakin ƙofar zauren ta miƙe ƙafafu, yadda ba mai shiga ba mai fita sai ya tsallake ta. Ba kuwa wanda zai tsallake tsohuwar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego. Mai Unguwa ya dube ta, ya dubi kwanon, ya zaro salula daga aljihu.

Ɗakin nan Abarci ne ya gina shi, mijinta, Allah ya jiƙansa, tun wurin yana gonaki, garin Dakoro sai dai a hango shi daga nesa. Shi yana kwaɓa ƙasa, ita tana jido ruwa a kan jaki. A cikinsa ta haihu, a cikinsa shi ya cika. 'Ya'ya maza sun bi hanyar Aljeriya, macen tana aure a Rumbu, ya rage daga ita sai 'yan awakinta. Sai gari ya miƙo ƙafa. Alhaji Na'Allah, mai fataucin shanu, ya sayi gonar da ke manne da ita, ya gina gidan siminti, ya zuba ma'aikatan furoje, na ƙungiyoyin agaji, haya. Su kuwa ba su iya tsuguno a salga ba, sai masai irin na zamani, wanda ake zama kamar a kujera, a danna, ruwa ya tafi da komai. Ina yake tafiya? Cikin wani rufaffen rami da suke kira fos. Daga nan ruwan ya tsiyaye zuwa rami na biyu, wai ƙasa za ta shanye. Ramin na biyu a bayan ɗakin Habi aka haƙa shi, in ta yi tari a kan gado masu haƙar suna ji.

Ƙasa ba ta shanye ba. Cikin tsakiyar rani, lokacin da ko yawu ka tofar ba ya kai ƙasa, gindin bangonta ya fara duhu. Damshi ya yi ta hawa kamar mai bin tsani. Yaɓe ya kumbura ya zube, tsaga ta taso daga ƙasa har ta kusa kai azara. Ta je wa Alhaji, ya ce an gwada ƙasa kafin a yi aiki, ta je ta nemi ciwonta wani wuri. Ta shiga gari ta bi biro-biro, ofisoshin hukuma, da takalmin roba, wannan ya ce ba nan ba ne, wancan ya ce shef, shugabansu, ya yi tafiya. Ga shi yanzu bazara ta nuna, kullum da yamma gabas sai ta haɗa gira. Ruwan farko mai ƙarfi, ɗakin Abarci zai kwanta, ko da ita a ciki ko ba ita.

Rana ta ɗaga sosai kafin Alhaji Na'Allah ya iso a mota, da ƙurar kasuwa a babbar rigarsa. Ba shi kaɗai ba. Ya taho da wani matashi siriri mai jaka a kafaɗa, Abdurrazak, teknisiyan ɗin da ya tsara masa fos. Habi ta janye ƙafa ɗaya kawai, suka raɓa suka shiga.

"Gwaggo, wai ba za ki bar ni in nemi abinci ba?" in ji Alhaji yana zama.

"Ga abinci nan a kwano, na kawo maka. Naka ne, daga gidanka ya fito."

Mai Unguwa ya ɗaga hannu. "Ya isa. Malam Abdurrazak, kai ka yi aikin. Yi mana bayani yadda za mu gane."

Matashin ya durƙusa ya gaida dattawa, sannan ya ce, "Baba, kafin a haƙa ramin tsiyaya, sai an tambayi ƙasa ko tana shan ruwa. Ana haƙa ƙananan ramuka, zurfin kamu biyu haka, a cika su da ruwa, a kafa sanda mai alama, a ga yadda ruwan ke sauka. In jigawa ce, nan da nan take shanyewa. In laka ce, ruwan tsayawa yake. To nan ba a yin rami, sai a nemi wani gefe. A filin Alhaji na yi haka. Na cika ramukan da safe, na dawo na tarar ba ko ɗigo. Na sake cikawa, bayan sallar Juma'a na dawo, wayam. Ni kaina na yi mamaki, don ƙasar ta yi min kama da laka. Amma abin da ido ya gani ba a musu da shi."

"Kun ji ko," in ji Alhaji, ya buɗe tafin hannu. "Ƙasar nan ta fi raƙumi sha. Damshin ɗakinta ruwan wankanta ne da fitsarin awaki."

Habi ba ta ko dube shi ba. Ido ta kafa wa Abdurrazak, ta matso da gwiwa.

"Tsaya, yaro. Kai ne mai ramukan nan? Wata Juma'a, cikin bazarar da famfon unguwa ya mutu?"

"Ni ne, Inna."

"To Allah ya haɗa mu. Tun ranar nake neman mai wannan aika-aika." Ta juya ga dattawa, muryarta ta cika zauren. "Kun tuna shekarar. Mata suna wuni a layi su koma da ruwa rabin bido. Makiyaya sun gangaro daga Azagor, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya ana yanka su kafin su zama mushe. Ni da kaina taimama nake, ruwan alwala na bar wa awaki. A wannan hali na leƙa bayan ɗaki, mi zan gani? Amalanke ɗauke da tano, ganga guda cike da ruwa, garai-garai, ana tuttula shi a ƙasa. A ƙasa. Na tambayi leburori, suka ce aikin masu ilimi ne. Na ce wanga ko hauka ne ko tsibbu, Na'Allah ya samo boka yana shayar da aljannun wurin su bar mashi fili. Na ce wallahi aljani bai fi akuyata ƙishi ba. Suna juya baya na ɗauko ƙwarya, na yi bismilla, na kwashe shi tas. Na ba awaki, na wanke tsummana, na cika wa Hawwa'u maƙwabciyata tulu, lokacin tana da goyo. Kuka dawo kuka sake zubawa, don rashin tsoron Allah. Na sake kwashewa. Da kun zuba na uku, da na kwashe na uku. Yau sai ka gaya min wa ya koya maka wulaƙanta ruwa a Dakoro."

Abdurrazak ya sauke jakarsa a hankali, ya dafe kai da hannu biyu. Can wani tsoho a kusurwa ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci, ya mayar da ita tari.

"Mi ne na dariya?" in ji Habi.

Alhaji Na'Allah ya miƙe tsaye, fuskarsa ta washe kamar ya sayar da gurgun sa a kan kuɗin mai lafiya. "Alhamdu lillahi. Da bakinta, gaban shaidu. Ashe ba ƙasa ta sha ruwan ba, Gwaggo ce ta sha. Ita ta ɓata gwajin, ita ta jawo wa ɗakinta. Mai Unguwa, ni na tafi, shanuna suna rana."

Sai a lokacin maganar ta sauka a cikin Habi. Ta tuna yadda ta yi ta ba mata labarin ranar tana alfahari, yadda ta kankare gindin ramin da ƙwarya har sai da ta ji ƙasa. Ashe ramin da take rarakewa a ƙarƙashin gadonta yake. Ta dubi kwanon a kan tabarma. Amma Habi ba ta saba kwana a ƙasa ba in an kayar da ita.

"Zauna, Na'Allah. Shanunka sun saba da rana, kai ne ba ka saba ba. Eh, ni na kwashe. Ban ɓoye ba, ba kuma zan ɓoye ba. Gidan wa na shiga? Randar wa na buɗe? Ruwa ne a ƙasa, ba mai shi, ba mai tsaro. Ku gaya min, dattawa, in mutum ya ajiye tulu a bakin hanya cikin bazara ya yi tafiyarshi, ya dawo ya tarar ba komai, sai ya ce tulu ne ya sha?"

Mai Unguwa ya shafa gemu. Ya juya ga matashin. "Malam, ita ƙa'idar aikin, zubawa ake a tafi?"

Abdurrazak ya dubi Alhaji, Alhaji ya zuba masa ido.

"A'a, Baba. Zama ake a bakin ramin da agogo a hannu, har a gama. Ban zauna ba. Da safe Alhaji ya ɗauke ni in duba mashi wani fili a hanyar Ajekoriya. Da rana muka tafi masallaci, daga nan ya ce sai na ci abinci a gidanshi. Sabon zuwa nake lokacin, ban san ruwa yana da ƙafa a garin nan ba."

"Yaro," in ji Alhaji a hankali, "ka san akwai sauran gine-gine a gabana."

"Na sani, Alhaji. Amma gwajin nan bai yi ba. A sake shi."

Aka ɗan yi ka-ce-na-ce, Mai Unguwa ya yanke. Yau za a sake, gaban kowa. In ƙasa ta sha ruwa, Habi ta ɗauki kwanonta ta kama bakinta. In ruwa ya tsaya, a rufe masan gidan haya, Alhaji ya kwashe ramin ya mayar can gefen tudu inda yashi yake, kafin ruwan sama ya sauka.

"Na yarda," in ji Alhaji. "Amma ni na zubar da ruwana sau ɗaya an shanye. Ba zan ƙara ba. Mai ƙara shi ke kawo ruwa."

Ya san abin da yake yi. A irin wannan lokaci masu amalanke sun gama rabo sun kwance jakuna, famfo kuwa ba ya kawowa sai ya ga dama. Duk aka dubi Habi. A ɗakinta akwai biduna, jarkokin ruwa, da ta jido jiya, bayan ta wuni a layi har ƙafafunta suka kumbura. Su ne shanta, su ne girkinta, su ne na awaki, har ranar da famfo zai sake tunawa da unguwar.

Ta miƙe, ta ɗauki kwanonta ta ɗora a ka.

"Ku taho," ta ce.

Abdurrazak ya zaɓi wuri nesa da damshin, kusa da inda tsofaffin ramukan suke, don kada wani ya ce an yi son kai. Shi da kansa ya karɓi diga. Ƙasar tana da tauri, tana ɓallewa gutsure-gutsure masu sheƙi. Dattawa suka shimfiɗa tabarma a inuwar katangar Alhaji. Mata suka leƙo ta saman dannin kara. Habi ta jawo bidunan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi bari kowa ya kama mata.

"Kawo in zuba, Inna," in ji Abdurrazak.

"Ruwana ne. In za a yi zunubin, ni zan yi."

Ta kwance murfi, ta karkata bidon. Ruwan ya sauka cikin ramin da ƙara, bido bayan bido, bakinta yana motsi, ba a san ko istigfari take ko zagi ba. Awakinta da ke ɗaure a turke suka ji ƙamshin ruwa, suka fara kuka suna fizgar igiya.

Ruwan ya yi kumfa, ya yi ƙara kamar ana soya wani abu, ya fara sauka. Ya bar alamar farko a jikin sanda. Ya bar ta biyu. Alhaji ya gyara hula, ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfi yadda za a ji, "Ko aljannun ne suka dawo?"

Habi ta dafa ƙasa ta zauna.

"Ba a fara ba tukuna," in ji Abdurrazak, bai ɗago kai ba. "Ƙasa a bushe take, ta tsattsage. Na farko na kashe ƙishi ne, ba a lissafa shi. Sai ta jiƙa, sannan a cika a auna." Ya jira har saukar ta yi sanyi, sannan ya dubi Habi. "Inna, saura a cika."

Bido ɗaya ya rage. Na sha ne, wanda ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta waiwaya ta dubi bayan ɗakinta, inda tsagar ta hau kamar jijiya, inda har yanzu ake ganin shatin yatsun Abarci a tsohon yaɓe. Ta kwance buhun, ta tuttula ruwan har ɗigon ƙarshe, ta kife bidon a ƙasa.

Abdurrazak ya yi alama a sanda daidai bakin ruwa, ya ajiye agogo a kan gwiwa.

Aka kira azahar. Maza suka miƙe. Abdurrazak ma ya yunƙura, sai ya ji an riƙe masa bakin wando.

"Ina za ka?"

"Salla, Inna."

"Ga gabas nan. Allahn masallaci shi ne na bakin rami."

Ya yi taimama a wurin, ya yi sallarsa, ita tana zaune da sandar kora a hannu. Kaji suka zo, ta kore su. Wata 'yar akuyarta ta tsinke igiya ta sheƙo, Habi ta tare ta da sanda, ta buge ta a gindi, abin da ba ta taɓa yi ba. Akuyar ta koma gefe ta tsaya tana kallonta. Hawwa'u ta leƙo ta kan danni da ƙaramin kofi a hannu, ta ce a taimaka mata da na jiƙa wa yaro magani, tunda ga shi nan a banza.

"Ba a banza yake ba, ɗiyata. Shari'a yake yi. Tahi, in an jima."

Rana ta karkata. Leɓen Habi ya bushe ya yi fari, ba ta ce a ba ta ruwa ba, ba kuma ta karɓa ba da aka miƙo daga gidan haya. Wani ganyen bedi ya faɗo cikin ramin, ya yi ta yawo a kan ruwan, ya rasa inda za shi. Dattawa suka dawo, suka sake tafiya la'asar, suka sake dawowa. Alhaji ya kasa zama wuri ɗaya. Sau da yawa yakan taso ya leƙa, ya koma ya zauna.

Da inuwar katanga ta kai bakin ramin, Abdurrazak ya zaro sandar ya miƙa wa Mai Unguwa. Tsakanin alamar da inda ruwa ya tsaya, ko faɗin yatsa bai cika ba.

"Laka ce, Baba. Ko shekara za a yi, ba za ta sha abin da gidan nan ke zubarwa ba."

Mai Unguwa ya juya sandar, ya miƙa wa na kusa da shi, ta zagaya hannu-hannu har ta iso ga Alhaji. Bai karɓa ba.

Mai Unguwa ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka. A sa kwaɗo a masan nan yau. Gobe da safe ina son ganin masu haƙa a kan tudu."

"Su 'yan hayar fa, ina za su?" in ji Alhaji.

"Akwai salga a gidana," in ji Habi. "In sun yi sallama, a koya masu tsuguno."

Alhaji Na'Allah ya karkaɗe riga, ya nufi mota bai yi wa kowa sai an jima ba. Dattawa suka naɗe tabarma. Can gabas hadari ya fara taruwa, iska mai ɗumi ta taso tana kaɗa dannin kara. Habi ta dube shi, ta dubi bangon, ta auna su a ranta. Wataƙila hadarin ya jira. Wataƙila.

Abdurrazak yana tattara kayansa, ya ce, "Inna, ki yafe min. Gobe zan zo in ga yadda za a tallafe bangon da itace kafin ya bushe."

"In ka zo ka zo. Kun gama da ramin?"

"Mun gama."

"Ba sauran aune-aune? Ba wanda zai zo gobe ya ce Habi ta ɓata?"

"Babu, Inna."

Ta sa hannu cikin zanenta ta zaro ƙwarya, wadda tun fitowarta daga ɗaki take soke a ƙugu. Ta durƙusa a bakin ramin, ta ture ganyen bedin gefe da bayan ƙwaryar.

"Hawwa'u," ta kira, "kawo kofin. Ki kwanto min awakin nan."